Delbert da Gas ɗin Gashin Nama

Duk garin Yuma ba wanda bai san Delbert Hoskey ba, in ba ta fuska ba, to ta naushi. Shekara talatin yana jan tirela, ya ajiye aiki da alhakin haƙoran mutum goma sha ɗaya a wuyansa. Mai gyara bai taɓa taka gidansa ba. Komai da hannunsa yake yi, shi ya sa in ka kunna fitilar kicin ƙofar gareji ce ke buɗewa.

Bara cikin Yuli, lokacin da kaza ke saka ƙwai dafaffe, gas ɗin esinsa, wato na'urar sanyaya gida, ya zurare. Matarsa Nadine, mai hawan jini, ta kwana biyu da jiƙaƙƙen tawul a ka.

Ta ce, "Maigida, in Juma'a ta yi gidan nan bai yi sanyi ba, gidan Yaya Orval zan koma, da akwatunana duka."

Orval ɗin nan makanikin esi ne mai lasisi, amma shekara tara ba sa ga maciji da Delbert, tun da Delbert ɗin ya karya masa hanci a wajen biki.

Delbert ya tafi shago sayen gas. Mai shagon ya ce, "Dattijo, ina katinka?"

"Katin me?"

"Na waɗanda suka ci jarrabawa. Wankewa da canza matatar iska, wannan naka ne. Gas kuwa, doka ta ce sai mai kati."

"Gidana ne, esina ne."

"Ni kuma ni za a ci tara. Kira surukinka mana, ko hancin nasa kake tsoro?"

Delbert ya finciko kwalarsa ta saman kanta. Mai shagon ya laluɓo sifana ya sauke masa a goshi, ma'aikata huɗu suka yi cilli da shi waje kamar buhun dusa.

Ya dawo gida jini har cikin kunne, sai idonsa ya faɗa kan tukunyar gas ɗin da yake gasa nama da ita ran Lahadi. Ya ce gas ai gas ne. Ya ɗaura tiyo daga tukunyar zuwa esin, ya naɗe da salatif, ya buɗe. Da ya ji wani huci, ya sunkuya neman inda ke yoyo, taba a baki.

An ce har ƙetaren iyaka, a ƙasar Meziko, an ji ƙarar. Shinge ya kwanta, gemu da gira suka riga shi tafiya lahira.

Orval, da ke layin baya, ya iso a guje, ya tsaya a kansa. "Suruki, ka gasu ko a juya ka?"

Delbert, yana hayaƙi, ya tashi ya kai masa karo a ciki. Suka yi ta birgima cikin toka, cizo da shaƙa, har sai da Nadine ta raba su da kaskon suya, kowa biyu-biyu. Ranar Laraba ce, amma ba ta jira Juma'a ba.

Ta ce ba za ta dawo ba sai mai kati ya gyara esin. Shi kuma ya rantse ba ƙaton da zai taɓa masa kaya. To yanzu haka, yana da shekara sittin da uku, yana can ƙarƙashin fanka yana haddar littafin jarrabawar samun katin. Sau biyu yana faɗuwa. Ta uku wata mai zuwa ce, kuma an ce mai sa ido a ɗakin jarrabawar ya nemi a canza shi, wai yana son haƙoransa.