Haruffan da ke Jikin Jarkar Mai

Cikina bai daɗe da fitowa ba yayata ta turo min saƙon murya daga Kano. Wai an taɓa ƙwayar halittar waken suya, kuma duk mai cikin da ta ci man da aka tatsa daga irinsa, cikin zubewa yake yi. Ni kuwa na sha jira kafin in samu wannan cikin, na kuma taɓa yin ɓari. 

A unguwar Dengfeng ta ƙasar Sin muke zaune, maigidana yana saro takalma a kasuwar Zhanxi yana turawa gida. Na matsa masa ya tambayo yadda ake rubuta "an taɓa ƙwayar halitta" da Sinanci. Wani mai shagon waya ya zana masa haruffa uku a bayan kwali, na haddace su kamar karatun allo. Daga ranar, duk jarkar man da na ga haruffan ɓaro-ɓaro a gabanta, ko taɓa ta ba na yi. Wadda babu komai a gabanta nake ɗauka, ina ganin kaina mai wayo.

Wata rana a kanti na ga Hajiya 'yar Maraɗi, mai gidan abincin layinmu, ta sunkuci jarka mai haruffan. Na riƙe mata hannu.

"Hajiya, wannan shi ne mai zubar da ciki."

Ta dube ni, ta dubi jarkar. Sai ta ɗora yatsa a kan wani harafi na huɗu da ke gaban ukun, mai kama da mataji.

"Ƙanwata, wannan cewa yake ba shi ba ne. Masu wannan tallar kansu suke, wai nasu ba a taɓa ba."

Ta karɓi tawa jarkar ta juya bayanta. Can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, ga haruffana uku, babu mataji. Ashe abin da nake gudu shi nake ta soya ƙwai da shi kullum.

Ban san yadda na kai gida ba. Na daina cin duk abin da ya ga mai. Daga nan na tsargu da shinkafa, na tsargu da masara, har tumatir in ya cika kyau sai in ajiye. Shayi da burodi suka zama abincina. Ko fitsari zan shiga sai gabana ya faɗi, ina tsoron ganin jini.

A asibiti likita ta ce, ta bakin tafinta, an gwada man, ba a san shi da zubar da ciki ba. Ramar da na yi ce ta dame ta, don yaron ba ya girma yadda ya kamata. Ban yarda ba. Na ce a raina, kayan ƙasarsu ne, me za ta ce?

Maigidana ne ya kai ƙarata wurin Hajiya. Ta zo har ɗaki, ta jawo jarkar da na tura bayan ƙofa, ta yi dafa-duka da man. Ta zauna a gabana ta fara ci.

"Ni ba na duba rubutu, wanda ya fi araha nake saye, da shi na goyi yarana a garin nan. Ba man ba ne zai illata ɗanki, yunwarki ce."

Ta turo min farantin. Tsoron bai tafi ba ko kaɗan. Na yi bisimilla na kai loma ina hawaye, hannuna na hagu a kan cikina, ina jiran in ji ya motsa.