Wuƙar Tsohon Bene na Uku

Jiya ɗiyata tana wasa da biro mai dannawa, ƙas, ƙas, sai na ji kaina ya koma Abbasiya, unguwar da muka zauna a ƙasar Larabawa, shekarar da aka yi juyin juya hali a can, ina 'yar shekara tara. Babana yana karatu, muna haya a bene na biyu. A samanmu akwai wani ɗan kasuwa Badamagare da tsohon mahaifinsa, wanda ba ya fita sai masallaci.

Ranar wata Juma'a Umma ta aike ni in kai wa tsohon tuwo. Na tarar akwatinsa a buɗe. A ciki akwai doguwar wuƙa, da idon mutum guda yana kallona daga cikin auduga. Na dire kwanon na ruga.

Ka san yadda magana take a gidan haya. Kafin Lahadi matan Hausawan unguwar sun gama yanke hukunci, wai matsafi ne, wai abin da ya koro shi daga gida ke nan. Ɗalibai suka daina haɗa sahu da shi. Aka fara cewa a gaya wa mai gidan ya tashe su.

Bayan la'asar babana ya hau da ni, don in nuna abin da na gani. Tsohon ya saurara, ya ɗauko wuƙar, ya caka wa kansa a hannu. Na ƙwalla ƙara. Ko ƙwarzane babu, ashe tsinin cikin ƙota yake shigewa. Idon kuwa na gilashi ne.

"Malam, da ƙuruciya na yi aiki a Faransa," in ji shi. "Wani ɗan ƙaramin gidan wasa ne a ƙarshen lungu. Turawa su ci ado su zo kallon yadda ake yanka mutum, ake ƙwaƙule ido, duk na ƙarya. Ni nake ɗumama jinin don kada ya daskare, ni nake wanke dandamalin. Har likita ake ajiyewa saboda masu suma, kafin a rufe gidan."

"Me ya sa aka rufe?" in ji babana.

"Sun ga na gaske a yaƙi. Namu ya daina ba su tsoro."

Babana ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya nemi afuwa. Umma dai ba ta gamsu ba. Ta ce wanda ya iya yankan ƙarya, wa ya san inda ya koya? Ba ta ƙara aika tuwo ba, ni ma in na ji takunsa a matakala sai in maƙale bayan ƙofa. Bayan shekara biyu ɗansa ya mayar da shi Damagaram, can ya rasu.

Yanzu yara suna kallon abin da ya fi wannan muni a waya, suna cin gyaɗa, ba wanda ake zargi. Tsohon kuwa ya bar gidan nan ba wanda ya raka shi ko bakin titi, kuma bakina ne ya jawo. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.