Memori a Cikin Hula

Ɗiyata ta samu aiki a wani kamfanin manhaja, aikin ya ƙi tashi a kan kwamfutarta. Damina guda muka ci a kan haka.

Ni ban yi boko ba. Hatsi nake saye a ƙauyukan Faskari, in kai Ƙanƙara ranar kasuwa. Da can muna wajen Sabuwa. 'Yan bindiga suka tashe mu, muka dawo nan Faskari da abin da ya rage. A cikin 'ya'yana ita kaɗai ce a gabana. Ta yi karatu a Katsina, ta dawo da kwamfuta mai tsagaggen murfi. Kamfanin ya ce daga gida za ta yi aiki. Dalilin da ya sa na yarda ke nan.

Ta yi mini bayanin abin, na kama kaɗan. Manhajar ba abu ɗaya ba ce. Ƙananan abubuwa ne da yawa, kowane da aikinsa: wannan ya karɓi sunan mutum, wancan ya aika saƙo, wani ya ajiye bayani. Kowane yana cikin abin da suke kira kwantena. Na asalin suna kan manyan injinan kamfanin, can wata ƙasa. Kafin a bari ta taɓa su, sai ta haɗa irinsu a kan kwamfutarta, ta nuna wa shugabanta duk suna aiki tare. In ta kasa, akwai masu jiran gurbin.

Na ce ta haɗa mana. Ta ce sai an sauke su daga intanet, kuma suna da nauyi. Sabis ɗin garinmu yana kai saƙon murya in ka hau kan katanga. Ta kan fara saukewa da safe, abin ya yi rabi, ya yanke, ya koma farko. Na ga ta yi haka har ta daina cin abinci.

Ta ce in bar ta ta je Ƙanƙara da kwamfutar, can akwai sabis. Na ce a'a. Na san hanyar nan. An taɓa sauke ni a kanta, na yi kwanaki a daji, na fito da yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa. Waya mai kyau ma ba a bi da ita, balle kwamfuta a hannun yarinya. Duk wanda ya gani zai ce gidanku da abin duniya.

Sai muka yi dabara. Akwai wani mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Ƙanƙara, yana da intanet mai ƙarfi. Ta kan sa sunayen abin da take so a cikin memori, ɗan ƙarami kamar farcen yaro. In cusa shi a naɗin hulata. In na sauke buhuna, in kai wa mai shago, in karɓa bayan la'asar.

Zuwan farko na dawo ina jin na gama. Ta sa memorin, ta danna. Rubutu fari ya yi ta gudu a kan baƙin allo. Sai ja ya fito. Ban iya karanta shi ba, amma na koyi ja. Ta ce kwantenar farko tana neman wani abu da ba a ambata ba a takardar kamfani. Masu takardar ba su ga dalilin faɗa ba, don su a wurinsu abin yakan sauko da kansa kafin mutum ya kurɓi shayi. Mu a wurinmu mako ne. Kasuwa sau ɗaya take ci.

Wani makon mai shago ya sauke sabon fitowa, wai ya yi mana gwaninta, alhali tsohon ake so. Wani makon abin ya zo daidai, sai dai na wata irin kwamfuta ne. Wani makon kuma aka yi ruwa mota ta maƙale, ban isa ba sai da ya rufe shago. Ranar da komai ya cika, ta tayar da kwantena ɗaya, ta tashi. Ta biyu ta tashi. Da ta kai ga mai ajiye bayani, sauran suka ƙi ganinta. Ashe abokan aikinta sun sake wani abu tun makon da ya wuce.

Mai shago ya fara ce mini Baba injiniya. Direbanmu yana tambaya ko har yanzu amaryar ba ta gama karɓar lefe ba.

Na ce mata, "Wai wannan abu, mutanen kamfanin suka yi shi ko aljanu?"

"Baba, ba don irinmu aka yi shi ba," ta ce. Ba ta ɗago kai ba.

Shugabanta ba mugu ba ne. Ya yi haƙuri, ya ƙara. Daga baya ya aiko da saƙon murya, ta kunna mini. Ban ji Turancin ba, na ji muryar. Ta ce wa'adi ya ba ta, kasuwa mai zuwa ce ta ƙarshe.

Ba ta roƙe ni ba. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share. Na zauna ina kallonta. Sannan na tashi na kwance bakin buhun masara, na naɗe kwamfutar a zane, na tura ta can tsakiya, na ɗinke. Na ce ta nemi tsohon hijabi da silifas, ta zauna baya cikin mata, kada ta yi magana da kowa.

Ban yi numfashin kirki ba har muka ga rumfunan Ƙanƙara.

A shagon na ciro kwamfutar daga buhu, ta zauna kan benci, ta jona mata wayar intanet. Na tafi na yi azahar. Da na dawo babu ja ko ɗaya. Abin da ya cinye mana damina bai kai la'asar ba. Ta juyo da allon tana dariya, tana nuna mini su a jere, duk suna aiki. Ni haushi ne ya cika ni. Na fita waje na tsaya.

Da za mu koma na ce ta kawo kwamfutar in mayar da ita buhu. Ta ce kullum da safe abokan aikin suna sake wani abu, kuma kullum sai ta sauke. In ta koma gida, kafin kasuwa ta zagayo ja ya dawo.

Ina da ƙanwa a Ƙanƙara, mijinta mai gyaran babur. Na kai ta can. Na ce wa ƙanwata ga ɗiyarki. Na shiga mota ni kaɗai.

Yanzu ina Faskari. Ɗakinta a kulle yake, makullin yana wurina. Ranar kasuwa nake ganinta, in hanya ta yi kyau.