Ɗaurin Maradi a Kan Babur ɗin Saley

Duk wanda ya san unguwar Château Rouge ta Paris ya san Saley mai shadda, ko da bai taɓa shiga kantinsa ba, domin babur ɗin da ke tsaye a bakin ƙofa ya fi kantin suna. Ƙaton abu ne baƙi wul, da akwati a kowane gefe da gilashi a gaba, irin na doguwar tafiya. Shekara goma sha ɗaya Saley ya yi yana kabu-kabu a Maradi kafin ya zo Faransa, yana jigilar fasinja da buhunan gero a kan ɗan babur ɗin da shi ne direbansa, shi ne bakanikensa. Yanzu yana da hamsin da bakwai, furfura ta cinye gemu, amma taɓo masa zancen babur ka sha labari.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: matarsa Zuwaira ba ta taɓa hawa wannan babur ba. A Maradi ta hau bayansa har da tsohon ciki, amma tun da ta ga gudun motocin Paris ta ce ita da babur sai kallo. Shekara shida yana lallashi. Wata rana, don dai ya bar ta ta ci tuwonta, ta ce in 'yarsu Sahadatou da ke aure a Lyon ta haihu, a bayansa za ta je suna. Ita ta manta, shi bai manta ba. Ran Lahadin da aka bugo waya aka ce an samu 'ya mace, bakinsa bai bushe da barka ba ya tuna mata.

"Malam, da gaske kake?"

"Ke kika faɗa da bakinki."

Zuwaira ba ta magana biyu. Ta ce a sayo mata hular kwano.

Sai dai akwai abin da Saley bai gaya wa kowa ba. Kan babur ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa, ya yi masa ƙasa. In ya yi awa guda yana sunkuye, kafaɗarsa ta dama sai ta mutu murus. Daga Paris zuwa Lyon kuwa kusan wuni ne, ga mutum a baya. Ya sayo sabon kai mai tsayi, ya je gareji, aka ce sai nan da mako uku. Suna kuwa ran Lahadi mai zuwa ne. Saley ya yi tsaki. Shi da ya taɓa kwance inji a gindin bishiyar bedi, kan babur ne zai gagare shi?

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benensu a La Courneuve, a gefen Paris. Ya rufe tanki da wani tsohon ƙyallen shadda, ya ɗauki hoton kowace waya da salularsa kafin ya zare ta. Ya cire madubai, ya cire hannun birki da na wuta, ya jera su a ƙasa. Hannunsa bai manta aiki ba. Sabon kan ya zauna daram a mazauninsa, saura ya ɗora murfin alminiyam ɗin da ke danne shi, ya ɗaure noti huɗu.

A nan ne maƙwabcinsa Ɗan Juma, wani mutumin Tawa da ke aiki a garejin manyan motoci, ya sauko da wata doguwar sifana mai lambobi a jiki.

"Ga ta, na saita maka. In ka ji ta yi ƙas, ka tsaya. Waɗannan baburan ba su son ƙarfi."

Saley ya karɓa, ya ɗaure, ta yi ƙas tun bai fara jin aikin a damtsensa ba. Ya kalli Ɗan Juma kamar wanda aka ba shayi ba sukari.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, wallahi. Kar ka ƙara."

Ɗan Juma ya haye sama abinsa. Saley ya tsaya yana kallon notin. A Maradi, inda hanya ke girgiza babur har haƙoran mutum su haɗu, ɗan kabu-kabu ba ya barin noti sai ya yi kuka, sannan ya zura bututu a sifana ya ƙara masa. Ya taɓa ganin wanda kan babur ya juye masa a hanyar Dakoro, bai kuwa so tuna yadda aka kwashe shi ba. Zuwaira zai ɗauka. Ya za a yi ya damƙa ranta ga ɗaurin da ko gumi bai sa shi ba? Ya ɗauko tsohuwar sifanarsa da bututu. Na farko ya yi kuka, na biyu da na uku haka. A na huɗu ya ji wata 'yar ƙara, kamar an ɓare goro.

Ya haska fitilar waya. A gefen murfin ga wani siririn layi kamar gashi. Ya ce a ransa datti ne, ya goge, yana nan. Ya bi shi da farce, farcen ya maƙale. Ya kama kan babur ya jijjiga da iya ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Ya kira masu sayar da kayan babur neman sabon murfi, suka ce sai Laraba. Ya sake jijjigawa.

Da ya hau sama ya tarar Zuwaira ta sha lalle, hular kwano na kan tebur, tana waya da ƙannenta na Maradi tana gaya musu gobe a moto, wato babur, za ta je Lyon, suna ta ihu. Ya wuce ya zauna, ya haɗiye zancen murfin. Abincin da ta zuba masa ko ɗanɗanonsa bai ji ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ga kunyar da ta fi tsoron nauyi.

Da safe suka ɗaure kayan jaririya a akwatuna. Zuwaira ta yi addu'ar hawa abin hawa sau uku, ta hau, ta riƙe rigarsa gam. Ya fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowane ɗan rami suka faɗa, idonsa na kan murfin. Ya taka birki a danja ta farko, ya ji kamar kan ya ɗan saki, ko kuwa zato ne kawai, bai sani ba. A gaba kaɗan babbar hanya take, inda ba a tafiya a hankali.

Suna barin danja ta biyu iska ta bugi fuskarta, sai ya ji ta saki rigar, ta zagaye cikinsa da hannuwanta, ta yi dariya. Ta saki jiki gaba ɗaya, ta bar masa komai. Nan ya kasa. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe inji.

"Lafiya, Malam? Mi ya faru?"

"Sauka ki gani."

Ya nuna mata layin, ya gaya mata komai: kafaɗar, sifanar Ɗan Juma, bututun. Ta daɗe tana kallonsa ta cikin gilashin hular.

"Tun jiya ka sani?"

"Tun jiya."

Ta cire hular, ta miƙa masa. Ya mayar da babur gida shi kaɗai, ita ta bi bas. Suka kama jirgin ƙasa na rana, awa biyu suna zaune kusa da juna ba wanda ya tanka. Shirun ya fi masa zafi a kan faɗa.

A unguwar La Guillotière ta Lyon, Sahadatou ta leƙo ta tagar bene da jaririya a kafaɗa, tana ta duban bakin titi. Sai ga iyayenta a ƙasa, suna jan kaya.

"Baba, ina moto? Inna, ba dai tsoro kika ji ba?"

Saley ya sunkuyar da kai, ya fara haɗa maganar da zai faɗa. Zuwaira ta riga shi.

"Na hau, har danja biyu. Babanki ne ya sauke ni, don yana so ki gan ni da raina. Sauko ki karɓi kayan nan, kafaɗarsa na ciwo."