Baba Saura-Ɗaya, Direban da ke Dawo da Daliget Gida

Da sassafe za ka same shi a ƙofar gida da bokiti da tsumma, yana wanke motar da ba za ta je ko'ina ba. Tsohuwar bas ce, taya ɗaya ta sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin hutu. Yanar ido ta raba shi da tuƙi, babban ɗansa ya ɓoye makulli. Matarsa kan leƙo ta ce, "Malam, in ka gama da ita, kai ma ruwan wankanka ya huce."

Jam'iyyu sun zo sun wuce, an canza suna an canza tuta, amma shi ke kai daliget ɗin garinmu babban taron ƙasa, inda ake tsayar da ɗan takara. Bai taɓa shiga zauren ba. Yakan zauna cikin mota da rediyo a kunne, yana jin tafi ta bayan katanga.

Zuwa ba wuya, ana waƙa ana tsokanar juna. Dawowa ita ce aikin, don rabin motar gwaninsu ya ci, rabi kuwa an sha ƙasa, kowa ya cika ya yi fam. Shi dai ba ya tayar da inji sai kowace kujera ta ga mai ita. A yi ta masa ihu, ya waiwaya a natse ya ce, "Saura ɗaya." Sunan ya bi shi har tsufa.

Mai kemis na bakin kasuwa ya ba ni labarin shekarar da suka je shi da ƙaninsa Ticha, kowa da ɗan takararsa. Na Ticha ya faɗi. Ticha ya sauke jakarsa, ya koma gefen titi ya zauna, ya rantse ba zai shiga ba. Rana ta take, mutane suka ƙosa.

"Baba, mu tafi, shi ya jiyo!"

Baba ya sa makulli a aljihu, ya je ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗana, tashi."

"Baba, ba na shiga mota ɗaya da maci amana."

"To ni tsohuwarku ce ta riƙe mini hannu a tasha, ta ce biyu ta ba ni. In na kai mata ɗaya, me zan ce mata? Ko ka tashi, ko dukanmu mu tare a nan."

Ya tashi yana huci. Baba ya zaunar da shi kafaɗa da kafaɗa da yayan nasa, kuma mai kemis ya rantse ranar ba ramin da Baba bai faɗa ba da gangan, suna ta gwara kai. Kafin a shigo gari Ticha ya yi barci a kafaɗar macin amanar. "Da an bar shi a titin nan," in ji mai kemis, "da 'ya'yanmu ba su san juna ba."

Baba, kai ne ba ka da ƙuri'a a zauren, amma kai ka riƙe abin da ya fi ƙuri'ar. Kai ne ba ka taɓa tambayar mutum wa ya zaɓa kafin ka buɗe masa ƙofa ba.

Bana kowane ɗan takara ya turo nasa motocin, masu sanyi da baƙin gilashi. Baba ya sa matarsa ta riƙo hannunsa har tasha, ya tsaya yana sauraren ƙarar injuna. Ya tambayi wani daliget, "Ɗana, wanda ya faɗi ma zai turo mota ta dawo da ku?" Aka yi dariya, aka ce Baba zamani ya canza.

Wanda ya faɗi bai turo ba. Masu nasara suka shigo gari da ƙarar oda da kiɗa. Sauran suka riƙa sulalowa ɗai-ɗai, wani a bayan motar kaya, kuma har yau ɓangarorin biyu ba sa zama benci ɗaya. Da aka gaya wa Baba, sai ya ce, "Da idon nan zai ara mini yini guda, da na je na kwaso su."

Wallahi muna kewarka, Baba, kana raye kana cikinmu muna kewarka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Ku kuma da za ku je taro na gaba, ku zaɓi duk wanda kuke so. Amma kafin ku rufe ƙofar mota, wani a cikinku ya sauka ya duba gefen titi.