Ɗakin Inna a Bayan A-kori-kura

Shekarun baya, lokacin ina sabon malami a wata jami'a da ke Lembah Pantai a ƙasar Malesiya, wani ciwo ya kama ni wanda ba ya jin magani, ciwon son gina ɗaki a bayan mota. Kallon bidiyo ne ya ja min. Sai ka ga mutum ya ɗora ɗan akwati a bayan a-kori-kura, da gadonsa da murhunsa, ya tafi bakin kogi ya buɗe ƙofa yana kurɓar shayi. Na ce wallahi wanda ya yi wannan hannu biyu gare shi, ni ma biyu gare ni. Ban tsaya na tuna cewa nawa hannayen ban da biro da cokali ba abin da suka iya riƙewa ba.

Na samo wata tsohuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu na kawo gida ina ta washe baki. Matata ta sauko daga bene, ta zagaya ta, ta ce, "Baban yara, sarin kayan miya za mu fara ne?" Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar nan da ake yi wa mutum idan an ga ya yi nisa ba ya jin kira.

Allah ya taimake ni da abokina, wani ɗan Jos injiniya da ke haya a Taman Melati, gidansa da ɗan fili a gaba. Ya iya walda, kuma shi ma kansa da motsi kamar nawa. Ranar da na nuna masa zanen da na yi, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Mutumina, wannan ai akurkin kaji ka zana. Amma no wahala, kawo motar. Boleh lah, zai yiwu!"

Daga nan duk Asabar muna can, Lahadi kuma da ya taso daga coci sai mu ɗora. Shi ya haɗa ƙashin ɗakin da ƙarfe mara nauyi, ni kuma aikina miƙo abu da riƙe abu da shan faɗa. Muka yi shi yadda za a iya ɗora shi a ɗaure, a kuma sauke idan an so, ba tare da an taɓa jikin motar ba. Muka lulluɓe ciki da falanki, muka cusa soso a tsakani saboda zafi, waje kuma alminiyam. Tagogi biyu muka fitar masu raga, don sauron ƙasar nan bai san baƙo ba. A sama farantin sola, a ƙasa batir da ke jan fitila da ƙaramar fanka. Tankin ruwa a gefe, ga tamfol da ake warwarewa ya zama rumfa.

Ruwan saman Kuala Lumpur shi ne mai duba mana aiki. Da la'asar ta yi hadari ya haɗo, sai na shige ciki da alli na rufe ƙofa, duk inda ya ɗiga na zagaye. Ranar farko allin ne ya ƙare kafin ruwan ya ɗauke. Muka bi da gam muka toshe, aka sake ruwa, muka sake bi. Ranar da na fito daga ciki a bushe, ihu muka yi ni da abokina har maƙwabta suka leƙo, muka wuce gidan abincin mamak muka ci gurasar roti kamar waɗanda suka ciyo kofi.

Amma abin da na fi ji da shi duk cikin aikin nan shi ne gado. Wannan kam da hannuna na yi shi, abokina bai sa min hannu ba. Da rana kujera ne, idan ka ja shi ya miƙe ya zama gadon mutum biyu, a ƙarƙashi ga durowoyi na tukwane da kaya. Yatsuna duk sun sha guduma a kansa. Duk wanda ya zo kallo sai na ja masa gadon nan na mayar, na sake ja, ko bai tambaya ba.

Muka yi gwaji ni da matata da yara a bakin wani rafi wajen Hulu Langat. Matata da ta yi min dariya a farko ita ce ta ɗauko zanin gadonta na aure ta shimfiɗa, ta jera matasai, ta ɗauki hotuna ta watsa a zauren WhatsApp na dangi. Kowa yana ta ma sha Allah. Kaina ya yi girma har hular ta matse ni.

Ba a jima ba mahaifiyata ta zo daga gida ganin likitan ƙashi, saboda ciwon baya da ya daɗe yana damunta. Ba ta iya dogon zama, da ta ɗan jima a kujera sai ta nemi inda za ta miƙe. Wata rana muna cin abinci ta ce wa matata, "An ce ƙasar nan teku ya kewaye ta. Ni dai ban taɓa ganinsa ba, ko a jirgi tsakiya aka sa ni." Ba ni ta kalla ba, don ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa. Amma na san da ni take. Inna ba ta roƙon abu, wannan maganar ita ce iyakar roƙonta.

Zuciyata ta yi fari tas. Na ce ashe Allah ne ya sa na gina ɗakin nan! Za mu tafi gabar gabas inda ruwan yake garai-garai, ta zauna a gaba, duk inda bayanta ya gaji mu tsaya ta shiga baya ta kwanta. Likita ma ya ce babu laifi in dai za a riƙa hutawa.

Na sauko da ita ƙasan benenmu a Pantai Dalam don ta ga abin al'ajabi. Na buɗe ƙofa, na kunna fanka, na ja gado na mayar. Ta tsaya daga waje ta leƙa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka." Na ce ta hau ta gwada. Ta ce a bari dai tukuna. Washegari ta aiko matata ta gaya min tafiyar nan a haƙura, bayanta ba zai iya ba.

Ni da na san kan aikina, nan take na gano matsalar: ƙofar ta yi mata tsawo. Na garzaya Taman Melati muka ƙera matakala mai abin dafawa. Inna ta gani ta sa albarka, ba ta hau ba. Na ce to zafi ne, na ƙara fanka ta biyu. Ta sa albarka. Na ce katifar ce ta cika laushi, na sa katako a ƙarƙashi. Albarka dai na yi ta sha har ta yi min yawa, ƙafarta kuwa ba ta taka matakalar nan ba. Ga ranar komawarta tana matsowa, an riga an yanki tikiti. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Na san idan ta tafi a haka, da wuya ta sake hawa jirgi ta dawo.

Matata ce ta gaji da ganin wahalata. Ta same ni a cikin ɗakin motar ina auna inda zan fasa taga ta uku.

"Baban yara, ajiye abin awon nan. Tun da muka yi aure, ka taɓa ganin Inna ta shiga ɗakin kwananmu?"

Na ajiye abin awon, ta ci gaba.

"Ko a gida, ka taɓa ganin ta zauna a bakin gadonmu? To ita ma ta ga hotunan nan. Ta ga zanin gadon, ita ta saya mana shi. Kai kana nuna mata gwaninta, ita kuwa gadon ɗanta da matarsa take gani. Ko bayan zai karye ba za ta hau ba, kuma har abada ba za ta faɗa maka dalili ba."

Kunya ta rufe ni. Ni da aka haifa aka raina cikin wannan al'ada, na tsaya ina ja wa mahaifiyata gadona ina mayarwa kamar mai talla. Na ce to a sauya katifa da zani mana. Matata ta girgiza kai ta ce gadon ne gaba ɗaya, kuma a cire shi a inda Inna za ta gani.

Na kira abokina na gaya masa. Ya ce, "Wait, wait. Gadon? Wanda ka hana mu barci da labarinsa?" Na ce shi fa. Sai ya ce, "Ai ko tsohuwata haka za ta yi. Ina zuwa da sukundireba."

Ban ɓoye muku ba, kowace kusa da na kwance sai da na ji ta a ƙirjina. Muka fito da shi gunduwa-gunduwa, muka hau da shi bene, muka bi ta falo da gangan inda Inna ke zaune tana jan carbi. Abokina ya durƙusa ya gaishe ta da katako a kafaɗa. Idonta ya raka kowane guntu har baranda. Muka wanke cikin ɗakin, muka shimfiɗa sabuwar leda da sabuwar tabarma. Matata ta sayo katifa mai tauri, ta hana a cire mata ledar kanti.

Sai ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, an kwashe tarkacenmu. Ki zo ki buɗe katifarki da hannunki, mu ba mu san yadda kike so a ajiye ta ba."

Inna ta yafa mayafi ta sauko. Ta dafa ƙarfen matakalar nan, ta yi bismilla, ta hau. Ina daga nesa na juya baya kamar ina duba taya, sai na ji ƙarar yaga leda. Wallahi ban san lokacin da na daki tayar nan da ƙafa don murna ba.

Da hantsi muka kama hanyar Karak, muka ratsa duwatsu, yara suna ta waƙa a baya. Duk wurin hutawa muka tsaya, Inna ta shiga ɗakinta ta miƙe, mu kuma mu yi tapau, wato mu sayo abinci a ƙunshe, mu ci a ƙarƙashin rumfa. Kafin la'asar muka isa bakin teku. Na juya motar na sa bayanta ya fuskanci ruwa, na buɗe mata ƙofa.

Ta daɗe zaune a bakin katifar tana kallon ruwan. Can ta sauko, ta cire takalmi, matata ta riƙe mata hannu har inda ruwan ke zuwa yana komawa. Ta duƙa a hankali ta ɗiba ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi dariya irin wadda rabona da ji tun mahaifinmu na da rai.

"Malam ya sha gaya min a Ikko ya ga ruwan da ba shi da tsallake," in ji ta. "Na ce masa ƙari ne irin na matafiya. Ashe gaskiya bawan Allah ya faɗa. Allah ya jiƙansa."

Ni dai sai na koma wajen motar na ce zan ɗora shayi, don kada yara su ga idona.

Na koyi walda kaɗan a aikin nan, na koyi toshe yoyo. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gane cewa idan babba ya ce maka "a bari dai tukuna", wani lokacin akwai maganar da ba zai iya furtawa ba, kuma ƙara fanka ba ya maganinta.

Motar tana nan har yau, muna fita da ita duk hutu. Guntayen gadon suna baranda, ban mayar ba. Inna ta koma gida ta ba kowa labari cewa tana da ɗaki a Malesiya mai tafiya da kansa, kuma duk wayar da za mu yi sai ta tambayi matata ko ana share mata shi. Jikokinta suna shiga su yi birgima a katifar yadda suka ga dama. Ni da matata kuwa tanti muke kafawa a gefe. Na gwada kwanciya a ciki sau ɗaya da rana, na kasa, na tashi na gyara shimfiɗar na fito. Ɗakin da na fasa yatsu na gina wa kaina, yanzu sai na cire takalmi nake shiga.