Faifai na Bakwai na Malam Habou

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ɗiyarka Latifa ta kira ni ina tsakiyar fawa a kasuwar Guéma, ta ce, "Baba Muntari, abokinka ya tafi." Na ajiye wuƙa, na kasa gano inda na tuɓe takalmina.

Malam Habou, mutanen unguwar Albarika sun san ka da kafinta. Ni na san ka da mutumin da ke jin maganar itace. Shekara huɗu ke nan da aikin hanya ya kayar da tsohon madacin nan na wajen Partago, wanda kakanninmu ke yada zango a inuwarsa in sun koro shanu daga Djougou. Aka kwashe gangar jikin, aka bar kututture, masu gawayi har sun fara tara masa kara. Ka je ka zauna a kansa wuni guda, ka ƙi tashi sai da mai gari ya bar maka shi.

Kwana goma sha ɗaya kuna jan dogon zarto kai da ƙaninka Sabiou, don ka ce inji yana firgita itace. Kuka fitar da faifai bakwai, kowanne mutum zai miƙe a kansa bai taɓo baki ba.  Ranar da na gan su, ka ɗora yatsana a kan zoben da ke jikin katakon, ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowane zobe damina ce. Inda suka matsu, ka ce nan ne fari. Na ƙirga ɗari da talatin na ɓace. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba.

Ka yi wa mai gari alkawari: ɗaya zai koma Partago ya zama tebur a rumfar matafiya, daidai inda itacen ya tsaya. Sai dai faifan kututture ba ya son bushewa lafiya. Bakinsa na riga cikinsa bushewa, sai ya tsage daga gefe har cibiya. Kafin rani biyu, shida sun tsage. Na tsokane ka, na ce ka sayar wa masu tuwo su hura wuta. Ka yi murmushi kawai, ka ce in aiko maka da kitse.

Na bakwai ka shafe shi da kitsen, ka binne shi cikin garin katako a ɗakin da rana ba ta shiga, kana juya shi duk Jumma'a. Duk tsayuwar wata kuma ka ari sikelin da muke auna nama. Ka ce, "Ruwa ne ke fita. In nauyinsa ya tsaya cik wata uku a jere, ya gama." Daga kilo ɗari da sittin da takwas ya yi ta sauka, kana rubutawa da alli a bango.

Ciwo ya kama ka bana, kai ma kana raguwa muna gani. Da nauyin faifan ya tsaya a ɗari da ashirin da ɗaya wata biyu, na roƙe ka mu fito da shi ka gan shi a Partago da idonka. Ka ce, "Muntari, shi bai yi mini gaggawa ba. Shekara ɗari da wani abu ya yi yana jira." Na ji haushinka ranar, wallahi. Yanzu kunya nake ji.

Jiya wata ya tsaya. Ni da Sabiou da maƙwabta biyu muka ɗaga faifan, Latifa na riƙe da allinka. Allurar sikeli ta yi rawa, ta tsaya a ɗari da ashirin da ɗaya. Muka share garin katakon, muka bi shi da tafin hannu gaba da baya. Babu tsaga ko ta gashi. Sabiou, wanda bai yi kuka a maƙabarta ba, ya kifa goshinsa a kan katakon.

Allah Ya jiƙanka, Malam Habou, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hadjo, da Latifa, da Sabiou, da dukkan jama'ar Albarika. Allah Ya ba mu haƙuri irin naka. Jibi Jumma'a za mu ɗora faifan a mota zuwa Partago. Duk matafiyin da ya ajiye ƙwaryarsa a kai, Allah Ya kai ladan gare ka.